Lasifikar Mai Rediyo da Ta Koma Akurki

A cikin sati biyu Ba-Ragi ta rasa akwatin lasifika guda, da fanka mai tsayuwa, da murfin kabad ɗin kwanukanta, da barcin rana na kwana goma sha ɗaya. A cikin sati biyun nan kuma ta samu akurkin kaji mai ƙofa uku, da audugar da ta isa matashin kai guda, da sabon rufi, da ƙanin miji wanda ya koyi kama bakinsa. Ita dai har yau cewa take riba ta ci.

'Yan layi ne suka laƙaba mata Ba-Ragi. Sabulu da ashana da man shafawa take sayarwa a bakin ƙofarta, kuma shekara ashirin ba wanda ya taɓa jin ta sauko daga kuɗin da ta faɗa. Karatunta bai wuce ta gane lamba ba, amma lambar da ta riƙe ba mai ɓamɓare ta daga hannunta.

Mijinta Mai Rediyo, Allah ya jiƙansa, bai bar mata gona ko mota ba. Abin da ya bari akwatunan lasifika ne guda biyu da ya ƙera da hannunsa, kowanne ya kawo wa mutum ƙirji, kowanne da lasifika ɗaya tal a fuskarsa, mai faɗin faranti. Shekara uku ya yi yana fama da su. Ya buɗe baya, ya cusa auduga, ya rufe, ya zauna ya saurara ido a rufe, ya tashi ya sake buɗewa ya zare 'yar kaɗan. Matasan kanta biyu ya farke don audugar, abin da ya sa sai da suka yi sati ba ta kula shi ba. Ranar da ya gama, ya ɗaure sukurorin bayan tamau, ya ce, "Shi ke nan. Kada wanda ya sake buɗe nan."

Bayan rasuwarsa rufin ɗakinta ya fara yoyo, daidai saitin gado. Kafintan da shagonsa ke kallon gidan ya hau ya duba, ya sauko ya ce dubu saba'in, kuma a yi kafin ruwa ya kankama. A satin nan Hedimastan makarantar bayan kasuwa ya zo, mutum mai jiki da kwarjini, sai dai muryarsa ta dishe saboda ihun taron safe. Ya zagaya akwatunan, ya ƙwanƙwasa, ya taya su dubu saba'in.

Kuɗin rufi ke nan cif. Da wata macen ce, da tuni ta ce Allah ya sa albarka.

"Ɗari," in ji Ba-Ragi.

"Hajiya, makaranta ce fa, kuɗin iyayen yara ne."

"To iyayen yara su zo su ga katakon. Ɗari."

Ya tafi yana girgiza kai, ita kuma ta koma ta gyara wa bokitin da ke kan gado zama.

Da yamma sai ga Auta, ƙanin marigayi. Cajar waya da jakar waya yake sayarwa a kan tebur, amma tun ranar da ya bugi wata tocila ta kama, ya hana kowa kiransa da wani suna sai Injiniya. Rigarsa mai aljihu takwas ce, kullum da sukundireba a bayan kunne.

"Matar Yaya, na ji labari. Kin san abin da ya sa aka raina miki kaya? Tsohon yayi ne. Wa yake lasifika ɗaya a zamanin nan? Ki je manyan shaguna ki gani, uku-uku ne. Babba ta ɗauki sauti mai kauri, matsakaiciya ta ɗauki muryar mutum, ƙarama ta ɗauki siririn. A ciki kuma akwai wani abu, kurosoba sunansa, kamar ɗan sandan kan mahaɗa, shi yake nuna wa kowane sauti ƙofarsa. Ke yanzu ki dubi sana'arki. A ce ke ce mai miƙo kaya, ke ce mai ƙulli, ke ce mai canji, ai aiki ya yi wa mutum ɗaya yawa."

"Ni ɗin ce kuwa, Auta, shekara ashirin. Ka taɓa jin an cuce ni?"

"Injiniya," ya gyara mata.

"Yayanka cewa ya yi murya ɗaya, baki ɗaya. Ka taɓa ganin mutum yana magana da baki uku?"

"Yaya mutumin kirki ne, amma ilimi ya wuce inda ya tsaya. Ki ba ni kwana uku. In Hedimasta bai ajiye dubu ɗari biyu yana godiya ba, ki daina gaishe ni."

Da ma ba ta cika gaishe shi ba. Amma ɗari biyun nan ta shiga kunnenta ta ƙi fita. Ta kwana tana juya ta, da safe ta ce ya fara da ɗaya, ta ja ɗayan da amfilifaya, na'urar da ke ba su ƙarfin sauti, ta kulle a ɗaki, ta ɗaure makullin a bakin zane.

Auta ya fito da akwatin tsakiyar layi, wai cikin gida ba haske, alhali so yake a gani. Ya kwance bayan, ya leƙa, ya yi tsalle baya.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Ɓeraye sun yi gida a ciki! Shi ya sa sauti ba ya fita!"

Ya dinga zaro auduga yana watsarwa. Ba-Ragi ta gane ta. Ta ɗauko baho ta bi tana tsincewa, tana kakkaɓe ƙasa.

Bayan auduga ya tarar da wasu katakai a gicciye, hawa-hawa kamar matakala. "Allah sarki Yaya, har ya manta ragowar katako a ciki." Ya ɗauko guduma.

Kafinta ya tsallako titi da gudu. "Kai Auta, tsaya! Ni na yanka masa su. Hanya ce ya yi wa sautin da ke fita ta bayan lasifikar, ya zagaya ya fito ta tsagar nan ta ƙasa. Shi ke ba ta kauri. Wata shida muna aunawa."

"Kafinta, ka taɓa ganin na zo na koya maka ƙera benci?"

Kwaf, kwaf, kwaf. Wata shida ya zube a minti shida.

Kwana uku suka zama biyar. Ya samo babbar lasifika daga but ɗin wata mota da ta yi hatsari, ƙarama kuma daga matacciyar talabijin. Ta marigayi ya ce ya rage mata matsayi, ta koma matsakaiciya. Ramin ƙarama da kofin shayi ya auna shi, na babba da murfin tukunya, sai dai murfin da ya ɗauko na tukunyar dafa ruwan wanka ne. Da ya ɗora lasifikar motar a bakin ramin, ta zarce ciki, tim.

Tela, maƙwabciyarta ta jikin bango, ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. "Injiniya, ta shiga ta huta ne?"

"Gwajin zurfi nake yi."

Washegari Ba-Ragi ta dawo daga sayayya ta tarar da kwanukanta suna kallon ta fili. Murfin kabad yana fuskar akwatin, an buga shi da ƙusa huɗu, an yanka masa sabon rami, hannun buɗewarsa ma yana nan a jiki.

"Auta, murfina ne wancan?"

"Aro na yi. Ki ɗauka jari kika zuba."

A kwana na bakwai sukundireba ya suɓuce ya huda takardar lasifikar marigayi. Auta ya waiga hagu da dama, ya tafi wajen mai facin taya, ya dawo da faci da gam ya manna. Tela ta ce ita a saninta abin da ake yi wa faci iska yake riƙewa. Ya ce ai sauti ma iska ce, ta je ta tambaya.

Saura kurosoba. Ya je babban shago ya tambayi kuɗinsa, ya ji, ya ce a ba shi ya duba tukuna. Ya dawo yana dariya.

"Ashe yaudara ce! Wayar tagulla ce kawai aka naɗe, da wasu 'yan gwangwanaye. Ni da hannuna zan yi."

Ranar an yi zafi kamar a bakin murhu. Ba-Ragi ta shiga ɗaki ta murɗa fanka, shiru. Ta ɗaga ta ta ji ba nauyi. Ta fito da ita riƙe a wuya kamar kazar da aka yanka.

"Ina cikinta?"

"Aro na..."

"Hanjinta ka ara? Ka ari murfi na yi shiru. Yanzu ka farke mini fanka da ranta?"

"Matar Yaya, da ɗari biyu fanka nawa za ki saya?"

Ta tsaya ta yi wannan lissafin, don shi kam ta iya. Ta koma ciki da mafici.

Ya naɗe tagullar a jikin ƙwarƙwaron zaren Tela. Da ta tambaye shi zagaye nawa ake yi, ya ce masu koyo ne suke ƙirgawa, shi da ido yake yi. Gwangwanayen ya ɓalle su daga talabijin ɗin nan. Wayoyin da za su tafi wajen lasifika uku kuwa duk daga igiyar fankar ya yanko su, duk baƙaƙe, kamanninsu ɗaya. A nan kam ya yi dabara: ta babba ya yi mata ƙulli ɗaya, ta matsakaiciya biyu, ta ƙarama uku. Ya ajiye a zaure, ya ce gobe da safe zai haɗa, ya tafi ya gayyato Hedimasta da duk wanda ya ci karo da shi a hanya.

To Ba-Ragi mace ce da ba ta iya ganin igiya a cukurkuɗe ta wuce. Da sassafe tana shara ta ga wayoyi duk ƙulli, ta yi tsaki, ta ce yaron nan ko adana kaya bai iya ba. Ta zauna ta warware su tas, ta miƙar, ta jera masa a kan benci.

Auta ya zo ya tsaya a kansu. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wata ya kai kusa da hanci.

"Lafiya dai?" in ji ta.

Kafinta da Tela suna bakin ƙofa. Ya dube su, ya gyara sukundireban kunnensa.

"Lafiya lau. Injiniya ba ya buƙatar alama."

Da hantsi layi ya cika. Masu shaguna sun bar shagunansu, mata sun leƙo ta taga, mai wanki ya zo da kumfa har gwiwar hannu. Hedimasta ya iso a kan babur, ya kafe shi a gefe. Ba-Ragi ta fito da amfilifaya, amma ta ƙi sakin filogin, ta tsaya kusa da soket kamar mai gadi.

Auta ya yaye zanen gadon da ya rufe akwatin da shi. Ga murfin kabad da hannunsa, ga facin taya, ga ƙaramar lasifika a sama tana leƙe kamar idon kifi.

"Jama'a, yau za ku ji abin da sai a manyan birane! Ranka ya daɗe, ga makirufo. Ka yi a hankali, kada gilasan mutane su fashe."

Hedimasta ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji. "Assalamu alaikum. Ana ji na?"

An ji shi, sai dai ba wanda ya gane shi. Kaurin muryarsa duk ya tafi wajen 'yar ƙaramar, tana ta zizza kamar ƙuda a kwalba. Babbar, wadda aka aika wa siririn, ta yi wani ɗan tsit-tsit kamar sauro mai mura. A tsakiya facin taya yana kaɗawa, furrr, furrr, a ƙarshen kowace kalma. Ƙaton mutum yana tsaye, muryar ɗan agwagwa tana fita.

Mai wanki ne ya fara faɗuwa. Tela ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

"Bai yi zafi ba ne!" in ji Auta. "Sabon inji sai ya yi zafi. Ranka ya daɗe, ci gaba!" Ya kai hannu ya murɗa ƙarfin sauti har ƙarshe.

"Ni ne shugaban..." in ji agwagwar, da ƙarfi wannan karon.

Ƙaramar ta ce ɗas, ta saki wani siririn hayaƙi mai warin ƙonannen gashi. Akwatin ya ɗauki rawa. Ƙusoshin nan huɗu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallo. Auta ya rungume akwatin, ya kama hannun kabad don ya tare, murfin kuwa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru in an ja hannunsa: ya buɗe. Lasifikar mota ta tsinke wayarta ta diro, ta mirgina ta tsakiyar jama'a, mutane suna tsalle, ta nufi babur ɗin Hedimasta, maganaɗisun bayanta ya cafke salansa, ƙam. Babur ya yi tunani kaɗan, ya kwanta.

Ba-Ragi ta fizge filogi.

"Wutar layin nan ce ba ta da kyau," in ji Auta daga ƙasa, murfin kabad a ƙirjinsa.

"Wutar ce ta auna da murfin tukunya?" in ji Kafinta.

Sai da mutum uku suka taru kafin aka raba lasifika da salansa. Hedimasta ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Hajiya, ni na taɓa jin masu uku-ukun nan a wani babban zauren taro, kuma wallahi suna da daɗi, ganga har a ƙirji kake jin ta. Amma waɗanda suka yi su lissafi suka zauna suka yi. Allah ya ba da haƙuri." Ya ɗaga ƙafa zai hau.

Ba-Ragi ta ɗaga kai. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ta tuna bokitin kan gado.

"Malam, dakata. Kafinta, zo ka kama mini."

Suka fito da ɗayan akwatin, wanda ba a taɓa ba. Auta ya miƙe zai karɓi waya, ta dube shi sau ɗaya, ya koma ya zauna. Waya biyu ce kacal, ja da baƙa. Shekara uku tana kallon mai su yana haɗawa. Ja ga ja, baƙa ga baƙa. Ta mayar da ƙarfin sauti daidai ɗan tabon jan fentin da marigayi ya ɗiga, ta miƙa makirufo.

Hedimasta ya karɓa a tsorace. A hankali ya ce, "Ana ji na?"

Muryarsa ce ta fito, tasa ta gaske, cikakkiya, har da 'yar dishewar, kamar yana tsaye kusa da kunnen kowa. Shi kansa ya waiga ya ga wa ya yi magana. Ya sake gwadawa, ya ji daɗi, ya manta inda yake, ya ɗaga yatsa.

"Duk wanda yake waje, kafin in ƙirga uku ya shiga layi! Ɗaya!"

Bai kai uku ba aka ji gudu. Daga filin ƙwallon da ke bayan kasuwa, layi biyu tsakani, ɗalibai bakwai da suka gudo daga aji suka ɓullo suna haki, riga a waje, suka jeru a gaban teburin sabulu, hannu a baya.

Hedimasta ya dubi yaran. Ya dubi akwatin, irin kallon da mai ƙishi yake yi wa randa. Ba-Ragi kuwa shi take kallo, kuma ta ga abin da take nema.

Ya yi gyaran murya, ya kashe makirufo. "To, Hajiya, tunda yanzu saura ɗaya, sai a raba biyu. Talatin da biyar."

"A raba me? Wanda ya ƙera shi ya rasu. Ɗan'uwan akwatin ma a gabanka ya rasu, har ya tafi da babur ɗinka. Duk duniya shi kaɗai ya rage. Ka taɓa jin abu ya yi ƙaranci ya yi araha?"

"Arba'in da biyar."

"Yara bakwai ya kamo maka daga layi biyu, ko sanda ba ka ɗaga ba."

"Hamsin. Ke da bakinki kika ce ɗari na biyu."

"Lokacin ban san yana kama yara ba."

"Sittin, kuma wallahi..."

"Tela, ba kin ce mijin ƙanwarki na tashar mota yana neman abin kiran fasinja ba?"

Tela, wadda ba ta da ƙanwa, ta ce ƙwarai kuwa, jiya ma ya yi maganar.

Aka yi tsawa can nesa. Kafinta ya dubi sama, ya dubi rufinta, ya ce in za a yi a yi. Wata kazar Ba-Ragi ta riga ta shige fasasshen akwatin ta babban rami, 'yan tsakinta suna bi ta tsagar ƙasa, ɗaya ya leƙo ta ramin kofin shayi. Mai wanki ya ce a ƙarshe dai an samu abin da ya san ƙofarsa.

Hedimasta ya share gumi. "Hajiya, faɗi na gaskiya."

"Sharaɗi biyu tukuna. Na farko, ba mai buɗe bayan akwatin nan, ko da sunan shara. Na biyu, in ka ga mai riga mai aljihu takwas ya doso makarantarka, ka sa a rufe get. Shi yana da aiki ma, kwanon rufi zai ɗauko wa Kafinta a ka, kuma ba zai taɓa guduma ba."

"Matar Yaya, ni fa da ba a warware mini..."

"Auta."

Bai ce Injiniya ba.

Ta ɗora tafin hannunta a kan katakon, ta ɗan jima, kamar mai jin zafin jikin yaro. Sannan ta ɗauke, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga murya yadda duk layi zai shaida cewa ba ta sauko ba.

"Dubu saba'in. Na guda ɗaya. Na sallama."